Babi na Biyar: Idon Aro

A bakin titin da ya taso daga Life Camp ya ratsa Karmo ya miƙe Gwagwa, akwai teburin wani mai shayi da na shekara da shekaru ina karya kumallo a kansa. Dab da shi mai jarida yake baza hajarsa a kan buhu, ya danne kowace da dutse saboda iskar motoci. Masu saye ba su da yawa. Akasari masu karatun tsaye ne: 'yan acaɓa, da magina, da masu gadi da suka taso daga aikin dare. Kowa ya sunkuya ya karanta kanun labarai, ya yi tsaki ko ya gyaɗa kai, ya nemi motar cikin gari. Ranar kasuwa kuwa, idan 'yan gwanjo suka cika gefen titi, cunkoso kan tsayar da motoci har fasinja ya leƙo ta taga ya karanta rabonsa.

A daminar 2024 wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke bayan teburin, ya ɗauki wata ɗabi'a. Da na zauna sai ya aro jaridar Turanci ɗaya a wurin mai jarida ya miƙo mini.

"Malam, duba mini ko sun ce wani abu a kan Sudan."

"To, Baba."

Sai in wuce shafin farko, in wuce siyasa, in wuce tallace-tallacen taya murna, in kai can kusa da shafin wasanni inda ake ajiye labaran ƙasashen waje. In ga Gaza, in ga Yukiren, in ga zaɓen Amurka da hoton 'yan takara. Wata rana in tsinci layi biyar ko shida a ƙasan shafi, cewa an ci gaba da gwabza faɗa tsakanin sojoji da dakarun RSF. Mafi yawan ranaku kuwa babu komai.

"Babu, Baba."

"To, Allah ya kyauta." Ya karɓa ya ninke a hankali ya mayar.

Ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yake zaune da iyalinsa a wani ƙauye kusa da Sinja, babban birnin jihar Sennar. A ƙarshen watan Yuni na shekarar dakarun RSF suka kama Sinja, daga ranar wayar ƙanin ta daina shiga.

Wanda bai san tarihi ba zai iya tambaya me ya kai Bahaushe Sinja. Ai hanyar aikin hajji ce ta kakanninmu, tun zamanin da ake tafiya a ƙasa shekara da shekaru, ana tsayawa a yi noma a tara guzuri a ƙara gaba. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa kuma sun sauke farali sun zauna a hanyar dawowa. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a, suka kafa gari a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar, wanda har yau sunansa Mai Wurno. Gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 sun sha gumin Hausawa. A Gadarif da Kasala da Damazin akwai unguwanni da idan ka yi sallama da Hausa da Hausa za a amsa maka. Ƙasar da ke ɗauke da wannan dangi namu ita ce ta faɗa yaƙi ranar 15 ga Afrilu 2023, tsakanin Janar Burhan mai jagorantar sojoji da tsohon mataimakinsa Hamdan Dagalo mai jagorantar dakarun RSF, yaƙin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ya raba sama da mutum miliyan 12 da muhallinsu. Amma a kan buhun mai jaridar Karmo, sai an yi da gaske ake ganin sunanta.

Na san dalili, domin na taɓa zama a kujerar da ake yin wannan zaɓe. Shekarun baya na yi aiki a wata ƙaramar jaridar Hausa mai fitowa mako-mako, wadda ta daɗe da daina fitowa, kuma ni ke haɗa shafin ƙasashen waje. Rabin shafi ne. Ba mu da wakili ko a Yamai, balle Bagadaza. Ranar da za a kai aiki maɗaba'a nakan zauna da yamma a gaban kwamfuta in buɗe abin da kamfanonin dillancin labarai suka zubo, labarai masu ɗimbin yawa, in tsamo uku in fassara. Edita na tsaye a kaina, tambayarsa ɗaya ce: "Wanne ne ke da hoto?" Labarin da ba shi da hoto ya riga ya faɗi rabin jarrabawa. Ina tuna wani dare da na fassara labarin wani kisa a gabashin Kwango, na tsaya na gyara shi sosai saboda ya taɓa ni. Ƙarfe tara da 'yan mintoci talla ta shigo, ta rubu'in shafi. Aka dubi abin da za a cire, aka cire Kwango. Ba wanda ya yi mugun nufi a ɗakin nan. Tallar ce za ta biya kuɗin takarda. Amma mutanen da aka kashe a ƙauyen nan, a wurin masu karatunmu, tamkar ba a taɓa haihuwarsu ba.

Wannan rariya ta ƙarshe ke nan. Kafin labari ya iso hannuna an riga an tankaɗe shi sau da yawa a wurare masu nisa. Yawancin labaran ƙetare da jaridun duniya ke bugawa daga kamfanoni uku suke fitowa: AP na Amurka da aka kafa a 1846, da Reuters da aka buɗe a Landan a 1851, da AFP na Faransa. Su ke da wakilai da masu ɗaukar hoto, su ke yanke shawarar inda za a tura mutum da inda ba za a tura ba, kuma manyan abokan cinikinsu suna Turai da Amurka. Ƙasashenmu sun daɗe da gane haka. Shi ya sa Najeriya ta kafa kamfanin NAN, wanda ya fara aiki a 1978, shi ya sa aka buɗe PANA a Dakar domin Afirka ta riƙa ba kanta labarin kanta, kuma rahoton kwamitin MacBride na UNESCO a 1980 kukan da ya yi ke nan, cewa labari daga arewacin duniya yake kwararowa kudu, ba ya komawa. Shekaru sun wuce, ruwan bai sake hanya ba.

Ba kuma a ce 'yan jaridarmu ba su taɓa taka fagen fama ba. A 1990, lokacin da sojojin Najeriya suka jagoranci rundunar ECOMOG zuwa Laberiya, Krees Imodibie na jaridar The Guardian da Tayo Awotusin na jaridar Champion suna can suna aiko da abin da idonsu ya gani. Mayaƙan Charles Taylor suka kama su, ba su dawo gida ba. Nakan ambaci sunayensu duk lokacin da na sami dama, domin matasan 'yan jarida da yawa ba su san an yi su ba. Yau jaridar da ke fama da tsadar takarda da dizal da albashin da ba ya fita a kan kari, da me za ta tura mutum Kartum? Daily Trust da Aminiya da Leadership duk a Utako suke, tafiya kaɗan daga Karmo idan hanya ta yi kyau. Amma labarin Sinja, kafin ya iso Utako, sau da yawa sai ya biya ta teburin wani edita a Landan ko Faris.

Me ke sa editan can ya ɗauki wani yaƙi ya bar wani? A 1965 wasu masana biyu 'yan ƙasar Norwe, Johan Galtung da Mari Ruge, sun zauna sun bi diddigin yadda jaridu huɗu na ƙasarsu suka ba da labarin rikice-rikice uku na ƙetare, ciki har da na Kwango da na Kyuba. Abin da suka gano ba zai ba mai shayinmu mamaki ba. Labari yakan shiga jarida idan ya shafi manyan ƙasashe ko manyan mutane, idan ya faru farat ɗaya a yini guda, idan ana iya gane mai laifi da mai gaskiya ba tare da dogon bayani ba, kuma idan waɗanda abin ya shafa sun yi kama da mai karatu. Yunwa da ke cin mutane a hankali wata da watanni ba ta cika waɗannan sharuɗɗa. Makami mai linzami da ya faɗa kan bene a babban birni yana cika su duka.

Mun ga haka ƙuru-ƙuru a 2022. Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairu, kafin kwana uku duniya ta san sunayen unguwannin Kiyef. Wani wakilin gidan talabijin na CBS, Charlie D'Agata, har ya furta a kan iska cewa wannan birni ba kamar Iraƙi ko Afganistan ba ne, wuri ne na masu wayewa, na Turai. Ya nemi afuwa daga baya, amma bakinsa ya riga ya faɗi abin da ma'aunin ya daɗe yana yi a ɓoye. A daidai wannan lokaci ana ta yaƙi a yankin Tigray na Habasha tun Nuwamban 2020. Olusegun Obasanjo, wanda ya shiga tsakani har aka sa hannu a yarjejeniyar Pretoria a Nuwamban 2022, ya ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu za su kai 600,000. Tsohon shugabanmu ne ya sasanta yaƙin, amma ka tsaya a tashar Karmo ka tambayi mutum goma ina ne Tigray.

Jaridunmu suna da nasu ma'aunin da suke ɗorawa a kan na aro, shi ne: akwai ɗan Najeriya a ciki? Yukiren ta hau shafin farko da ƙarfi lokacin da ɗalibanmu suka maƙale a iyakar Folan, ana ture baƙar fata baya ana shigar da wasu jirgin ƙasa, har jiragen Max Air da Air Peace suka fara kwaso su a farkon Maris. Sudan ma haka. Kusan mako uku tana shafin farko a 2023, ana bin motocin da suka ɗebo ɗalibai daga Kartum, ana ƙirga kwanakin da suka yi a hamada a bakin iyakar Masar, ana muhawara kan kuɗin hayar motocin. Jirgin farko ya sauka Abuja a farkon Mayu, iyaye suka rungume 'ya'yansu. Da aka gama kwashe namu masu fasfo, sai labarin ya gangara shafin baya, daga nan ya ɓace. Hausawan Mai Wurno ba su da koren fasfo, don haka ba su shiga lissafi ba. Hatta a 2022, da aka kashe sama da mutum 100 a watan Yuli a faɗan da ya rutsa da Hausawa a jihar Shuɗin Nilu, aka sake kashe sama da 200 a Oktoba, ta wayar hannu da rediyo yawancinmu muka ji.

Akwai kuma ɓangaren yaƙin Yukiren da ya shigo Karmo da ƙafarsa, amma ba a shafin yaƙi ake samunsa ba. Rasha da Yukiren su ke fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya. Mai shayinmu ya san haka kafin masana su yi sharhi, ranar da mai kawo burodi ya ce masa fulawa ta tashi. Manoman Gbagyi da ke noma a bayan gari sun san shi a farashin taki. A jarida kuwa an raba su: tankokin yaƙi a wani shafi, farashin buhun fulawa a wani, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Zaɓen labari rabin aikin ne. Sauran rabin yana cikin kalma, kuma a nan ne mai fassara zuwa Hausa yake riƙe da wuƙa da nama, ko ya sani ko bai sani ba.

Dubi mutuwa kaɗai. Bahaushe yana da tsani guda na kalmomi. Mutumin kirki rasuwa yake yi, ko ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ba a damu da shi ba, mutuwa. Abokin gaba halaka shi ake yi, in an ƙi shi ƙwarai a ce an sheƙe shi. A can ƙololuwar tsanin kuma akwai shahada. Gawa ɗaya ce a kwance, amma matakin da mai fassara ya ɗora ta a kai shi ke gaya wa mai karatu ko ya yi salati, ko ya yi hamdala, ko ya juya shafi. Rahoton Turancin da ke gabana kalma ɗaya yake amfani da ita, ni ne zan zaɓa. Sau da yawa na zaɓa cikin gaggawa, sai bayan jarida ta fito in ga na yanke hukunci a kan mutanen da ban san komai game da su ba.

Sai ƙaramar kalmar nan, "an". A ce mutum arba'in ne bam ya faɗa wa a kasuwa. Kana iya rubuta cewa jiragen ƙasa kaza sun kashe mutum arba'in. Kana iya cewa an kashe mutum arba'in. Kana iya cewa mutum arba'in sun rasa rayukansu, kamar kwalara ce ta ɓarke. Duka ukun ba ƙarya a ciki, amma a na biyu makashin ya sulale ta bayan gida, a na uku ma babu kisan. Mai karatu ya lura da wa ake kama wa suna a kanun labari da wanda ake lulluɓewa da "an". Idan a yaƙi ɗaya kullum ana ambaton mai harbin, a wani yaƙin kuma kullum mutane ne kawai ke mutuwa, to ruwa ba ya tsami banza.

Haka "rikici". Rikici na kishiyoyi ne, ko na maƙwabta a kan iyakar gona, inda kowa na da nasa laifin kuma dattawa za su iya sasantawa. Idan aka kira abin da ke faruwa tsakanin mai jiragen yaƙi da wanda aka killace "rikici", an riga an daidaita su a kan tabarma ɗaya. "Mamaya" kuwa tana nuna wa ya shiga gidan wa. Gwamnatoci sun san nauyin waɗannan kalmomi fiye da mu. A Maris 2022 Rasha ta kafa doka mai ɗaurin da ya kai shekara 15 a kan abin da ta kira labaran ƙarya game da sojojinta, a lokacin da hukuma ta hana a kira abin da ake yi a Yukiren yaƙi, sai dai aikin soja na musamman. Amurka kuma da ta shiga Iraƙi a Maris 2003, sunan 'yantar da Iraƙi ta raɗa wa yaƙin. "Ramuwar gayya" ita ma tana da nata aikin: tana sa agogo ya fara bugawa daga harin wancan ɓangaren, duk abin da ya faru kafin nan ya fita daga labari. Kowane ɓangare yana da ranar da yake so a fara ƙirge daga ita.

Akwai wasu ƙananan kalmomi uku da nake roƙon kowane mai karatu ya sa wa ido: "ya ce", "ya tabbatar", "ya yi iƙirari". Kakakin soja tabbatarwa yake yi, abokin gabarsa iƙirari. Alhali sau da yawa ba wanda ɗan jaridar ya ga hujjarsa a cikinsu. A yaƙin Gaza da ya biyo bayan harin 7 ga Oktoban 2023, wanda aka kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila aka yi garkuwa da kimanin 250, Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga zirin su yi aiki da kansu. Idon duniya ya koma 'yan jaridar Falasɗinawa da ke ciki, waɗanda aka kashe da yawa daga cikinsu, har da Anas al-Sharif na Al Jazeera a watan Agustan 2025. Alƙaluman dubban mamata kuma kusan kullum sai an liƙa musu wutsiya, cewa daga ma'aikatar lafiya da ke ƙarƙashin Hamas suka fito. Faɗin tushen adadi aikin jarida ne mai kyau. Tambayata ita ce ko ana liƙa irin wannan wutsiya ga alƙaluman kowa.

Wanda ya taso da rediyo a Arewa ya san duk wannan da kunnensa, ko da bai taɓa sa masa suna ba. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Ga Sin, ga Iran, ga Turkiyya. Ka murɗa akwati daga wannan tasha zuwa waccan a dare ɗaya, mutum ɗaya zai tashi daga "ɗan ta'adda" ya koma "mayaƙi" ya koma "ɗan gwagwarmaya". Rediyon Tehran ba ya ambaton Isra'ila sai ya sa mata "haramtacciyar ƙasa", mamatan ɓangaren da yake so kuma duk shahidai ne. BBC tana da ƙa'idar ƙin kiran kowa ɗan ta'adda da bakinta sai dai ta jingina ga wanda ya faɗa, abin da ya jawo mata suka daga ministocin Birtaniya a 2023. Ba na cewa duk ɗaya suke. Wasu sun fi wasu bincike nesa ba kusa ba. Amma kowace tasha akwai mai biya mata kuɗin wuta. Da gwamnatin Trump ta dakatar da Muryar Amurka a Maris 2025, Baba mai gyaran rediyo ya ce mutane sun yi ta kawo masa akwatunansu suna cewa sun lalace.

Wannan abu tare da jaridar Hausa aka haife shi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na edita, Rupert East na kula da ita, kuma ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus. Wata takwas bayan haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, wanda kakanninmu suka sani da Yaƙin Hitila. Ta shafukanta Bahaushe ya san yaƙin, kuma daga ɓangaren Ingila ya san shi, domin gwamnatin mulkin mallaka ce mai jaridar, kuma tana neman soja da gyaɗa da kuza. A 1943 aka kai Imam Ingila tare da wasu editocin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe, su ga yadda ƙasar ke jure yaƙi su dawo su ba da labari. Daga tafiyar ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ba na zargin Imam. Ya yi amfani da jaridar ya buɗe wa talaka bakin magana a wasiƙu, ya kuma faɗa wa Turawa gaskiya a kan halin da Arewa ke ciki. Amma dubban 'yan Arewa da aka kwasa zuwa dazukan Bama a runduna ta 81 da ta 82, su da suka ga yaƙin da idonsu, kaɗan ne labarinsu ya shiga takarda da bakinsu. A jaridun Ingila ma rundunar Bama gaba ɗayanta ita ake kira wadda aka manta, balle baƙaƙen cikinta.

Mun kuma ɗanɗana yadda abin yake idan yaƙinka ne ya zama labarin ƙetare a wurin wasu. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ɓangaren Biyafara ya ɗauki hayar wani kamfani a Janeba mai suna Markpress yana rarraba labaransa, kuma a 1968 hotunan yara masu kumburin ciki suka cika jaridun Turai. Yunwar gaskiya ce, yaran sun mutu, ba mai imanin da zai musa. Amma da yawa daga masu karatu a can an sa sun fahimci cewa Musulmi ne suka taso wa Kirista, alhali shugaban gwamnatin tarayya, Yakubu Gowon, Kirista ne ɗan mai wa'azin bishara. An yanka yaƙinmu an ɗinka shi daidai jikin mai karatun Turai. Duk wanda wannan ya yi wa ciwo, ya kamata ya yi zargin cewa haka ake ɗinka masa yaƙin wasu. Manyan jaridun ma sukan gane daga baya: a Mayun 2004 New York Times ta fito ta amsa cewa ba ta tantance labaran makaman ƙare dangi na Iraƙi yadda ya kamata ba. Lokacin an shekara da rusa Bagadaza.

Sai dai zan yi rashin adalci idan na ɗora komai a kan Landan da Utako. Mu masu karatu muna da namu kason. Edita yana sanin abin da muke tsayawa mu karanta, yanzu ma waya tana ƙirga masa. Muna son yaƙin da za mu shiga da zuciya ɗaya, mu san namu mu san nasu. A 1991 an raɗa wa jarirai da yawa suna Saddam a Arewa, ba tare da an tambayi abin da ya yi wa Kurdawa a Halabja a 1988 ba, su ma Musulmi ne. A Oktoban 2001, kwanaki kaɗan bayan Amurka ta fara luguden wuta a Afganistan, zanga-zanga a Kano ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka kashe mutanen da ba su san hanyar Kabul ba. A Karmo, inda Bahaushe da Ibo da Tibi da Bagbagyi ke haya a gida ɗaya suna layin famfo ɗaya, na ga keke napep mai tutar Falasɗinu yana bin bayan mai tutar Isra'ila, kuma na ji musun da ake yi a teburin shayi. Kowa da tashar da yake saurara, kowa da gawarwakin da yake ƙirgawa.

Sudan ba ta ba mu wannan sauƙin. Mai harbi Musulmi, wanda ake harbi Musulmi, kowane ɓangare yana kabbara. Masu hura wutar daga waje ƙasashe ne da muke girmamawa: ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ba RSF makamai, tana musantawa, Masar kuma tana bayan sojoji. Ba Bature a ciki da za a yi wa Allah wadai a huce. Shi ya sa ko da aka ayyana yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam a Agustan 2024, aka yi wa El Fasher ƙawanya kusan shekara ɗaya da rabi har ta faɗi a Oktoban 2025 da kisan da ya biyo baya, ban ga tutar Sudan a jikin keke ko ɗaya ba. Ina yi wa Gaza kuka, kuma ba na neman a rage mata ko layi ɗaya. Abin da ke ci mini rai shi ne a yaƙin Sudan kaɗai ba mu da uzurin rashin wakili. Da ɗan gari akan ci gari, mu kuwa muna da 'yan gari a Gadarif da Damazin da Kasala masu jin Hausa kamar ni da kai. Muna da ɗimbin matasa a Kano da Sakkwato da Zariya da suka yi karatu a jami'o'in Kartum, suna jin Larabcin Sudan, suna da lambobin abokansu. Sassan Hausa na gidajen rediyo sukan kira irin waɗannan mutane jefi-jefi, kuma duk ranar da suka yi haka labarin yakan fito da rai. Kuɗin kati kawai ake bukata, da editan da zai yarda cewa muryar wata uwa a Sinja ta isa shafin farko ko da Reuters ba ta aiko da hotonta ba.

Kusan mako shida Baba yana miƙo mini jarida. Wata safiya cikin Agusta, ana yayyafi, na tarar da shi zaune a bencin mai shayi, ba jarida a hannunsa sai wayar jikansa.

"Malam, zo ka ji."

Saƙon murya ne na WhatsApp, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, daga lambar da bai sani ba. Muryar tsoho ce, Hausa mai gauraye da Larabci, iska na kaɗawa a bayanta. Ya ce sun fito da ƙafa, sun kwana tara a hanya cikin ruwa da taɓo, yanzu suna Gadarif a wata makaranta da aka sauke mutane. Ya ce an ƙwace musu akuyoyi da babur a wani shinge. Ya lissafa yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, duk suna nan. Sai ya yi shiru kaɗan, ya ce uwargidansa ba ta ƙaraso ba, ciwon sukarinta ya tashi a kwana na shida, sun binne ta a gefen hanya kusa da wata bishiya. Ya ce a gaya wa dangi a yi mata addu'a.

Mai shayi ya miƙa hannu ya rage muryar rediyonsa. Wani ɗan acaɓa da ke tsaye ya cire hularsa ta kwano. Muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a, muka shafa. Baba ya miƙa wa jikan wayar ya ce ya sake kunna masa daga farko, wurin sunayen yaran.